Kwafin da Ya Tsira a Vom

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina. An kira ni ne cewa tsawa ta faɗa wa wani ƙaramin asibiti a Dilimi, ta ƙona kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya: masu suga, masu hawan jini, da maganin da kowa yake sha.

Ni na haɗa musu tsarin. Asibitoci uku ne, a Dilimi da Rayfield da Vom, kowanne yana ajiye kwafin bayanan sauran biyun. Sai dai kwafin yana cin wuri, yana cin data, kuma kowa zai fi son a ajiye masa shi bai ajiye wa kowa ba. Don haka na yi amfani da wani fannin lissafi mai nazarin zaɓin mutane idan kowa ribar kansa yake dubawa. Na sa doka: wanda ya goge na wani, a daina ajiye nasa. Bayan Saminaka, ramuka suna jijjiga mu, na fara shakkar dokar tawa. Abokina ya saya mana gasasshiyar masara, na kasa ci, ya haɗa da tawa.

A Dilimi ofishin yana warin ƙonanniyar waya. Tsofaffi sun cika benci da katinansu a hannu. Wata nas ta ce, "Malam, wasunsu ko sunan maganinsu ba su sani ba."

Muka wuce Rayfield. Jami'in da ke kula da kwamfutarsu bai yarda mun haɗa ido ba. "Oga, wuri ne ya cika, na goge na Dilimi tun watan jiya."

Hanyar Vom sanyi ake yi. Ko buhunan dankalin da ke bakin titi ban tsaya tayawa ba. Wata dattijuwa ce ke kula da kwamfutar can. Na buɗe kwafin Dilimi. Komai yana nan.

Ta ce, "Ɗana, ni ma na so in share. Sai na ce, in namu ya ƙone fa, wa zai ba mu?"

Washegari muka mayar wa Dilimi bayanansu, muka kamo hanyar gida. Dokata ta tsorata mutum ɗaya, ɗayan ko a jikinsa. Tun kafin mu shiga Kano na yanke shawarar neman wuri na huɗu da zai riƙa ajiye kwafin.