Yarinyar da Aka Mayar wa Ubanta

A hannuna 'yar yayana ta yi karatun jami'a. Ubanta yana Aujara da shanunsa da gonarsa, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Dutse, don haka da ta samu gurbi ba a ma tsaya shawara ba. Aka ɗoro ta a mota da buhun gero da kwalbar man shanu, aka ce ga 'yarki nan. Ita ce 'yar fari a gidansu, mu kuwa a danginmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Tun tana rarrafe Yaya bai taɓa kiranta da komai ba sai "'yar gidanki". In yana so ta san wani abu, ni zai gaya wa. In ita ce da buƙata, ta kunnena za ta bi. Ban taɓa jin nauyin wannan aiken ba sai da ta fara rubuta littafi.

Tana aji uku ta fara. Wata Asabar da hantsi muna tsinkar zogale a tsakar gida ta ba ni labarin. A wata jami'a ce da ta ƙirƙiro, wata ɗaliba 'yar makiyayi ta ɓace daga hostal, wato ɗakin kwanan ɗalibai, ana dab da jarrabawar ƙarshe. Takalmanta na bakin ƙofa, kayanta na rataye a igiya, ita babu. Ƙawarta ta ɗaki ta shiga nemanta, duk wanda ta tambaya sai ta ga kamar akwai abin da yake ɓoyewa.

"Goggo, wa kike zato ya sace ta?"

Na ce ko malaminsu, ko saurayi, ai ba ya wuce haka.

Ta yi dariya, ta ce, "Babu wanda ya sace ta. Tun bara aka sallame ta daga makarantar, ta faɗi jarrabawa. Ta kasa gaya wa ubanta, don bijiminsa ya sayar ya kawo ta. Sai ta ci gaba da kwana a hostal, tana fita da littattafai da safe kamar kowa. Da ta ga ranar yaye ɗalibai ta matso, uban na shirin zuwa da dangi, sai ta gudu ta ɓuya."

Na ajiye farantin zogalen. Na daɗe ina koyar da 'yan mata, na san irin wannan yarinyar, na ga idonta a aji ba sau ɗaya ba. Na ce mata, "Ki riƙe wannan ƙarshen da hannu biyu, shi ne littafin." Ta ce in sha Allahu.

Abin da ban sani ba shi ne yadda ake rubutu yanzu. Ni a tunanina mutum ya gama littafinsa, sannan ya fito da shi, wanda zai yaba ya yaba, wanda zai kushe ya kushe. Ashe su ba haka suke yi ba. A waya take bugawa, shafi-shafi, ta tura cikin wani guruf da mata suka cika maƙil, su karanta su yi sharhi, sannan ta buga na gaba. Wato tuwon yana kan wuta, masu ci suna tsaye a kanki, kowa na gaya miki abin da za ki zuba a miya.

Kullum da safe kafin in fita sai ta biyo ni da wayar tana karanto min. Wata ta ce wallahi ba ta taɓa karanta labarin da ya hana ta girki ba sai wannan, har shinkafarta ta ƙone. Ta kusa da ita ta ce labarin yana jan ƙafa, an yi shafuka ana neman mutum ɗaya kamar allura. Wata ta ce ina soyayyar, ko a jami'ar nan babu maza ne. Wata ta rantse aljanu ne suka ɗauke yarinyar, kuma in marubuciya ba ta sa haka ba to ba ta san hostal ba. Akwai wadda ta yi dogon wa'azi, ta ce irin wannan rubutu ne ke sa iyaye su hana 'ya'yansu karatu. Akwai kuma wadda ta ce, "Hmm, wanda ya san lungunan makaranta haka, shi ma a bincike shi." Wannan ta ƙarshen ita ta sa na kusa fita babu mayafi don haushi.

Na ce ta daina karanta su. Ta ce, "Goggo, in ban karanta ba, ta ina zan san ana bi?"

Ba a jima ba na fara ganin hannunsu a cikin labarin. Sai ga wani saurayi ya faɗo daga sama, mai mota da ƙamshin turare, ba shi da aikin yi a labarin sai jingina da mota yana murmushi. Masu neman soyayya suka yi ta guɗa. Sauran suka taso, suka ce ta lalata labari, ta mayar da shi irin na kowa. Don ta lallashe su sai ta sa aka ji kuka a banɗakin hostal, masu aljanu suka ce yauwa, masu wa'azi suka ce ta fara shirka. Duk wanda ta faranta wa, ta ɓata wa biyu. Ta rame, ta daina dariya, abinci ma sai na tsaya a kanta.

Ranar da abin ya ishe ni na zaunar da ita. Na ce, "Ke, littafin nan naki ne ko na guruf? Matan nan da kike jin tsoro, rabinsu ba sa karantawa, tsallake suke yi su nemo inda aka ce 'ina sonki'. Gobe wani labarin zai fito su koma can, ko sunanki ba za su tuna ba." Na yi faɗa sosai, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya.

Faɗan ya shiga. Ta tura saurayin Kano neman aiki, bai sake dawowa ba. Kukan banɗaki ya zama na mage. Labarin ya dawo kan hanyarsa, ya yi tsauri, har ni da na san ƙarshe nakan ji gabana yana faɗuwa. Ta shigo da uban yarinyar, dattijo mai sanda a kafaɗa, ya zo ƙofar makaranta ya zauna a ƙasa yana jiran labari, ba ya iya tambayar kowa don kunyar kama sunan 'yarsa. Aka yi ta zaginta a guruf saboda saurayin, ta toshe kunne. Na ce a raina, shi ke nan, yarinyar nan ta tsira.

Bayan an yi girbi na je Aujara duba Innarmu. Da zan dawo sai Yaya ya ce zai raka ni bakin hanya, abin da bai saba ba. Muka bi ta gefen gonarsa, an tara karan dawa, shanu na kiwo a cikin saura. Ya yi ta zancen tsadar dusa da ciwon ƙafar wata karsana. Sai da muka hango titi ya tsaya, yana kallon shanun, ba ni ba.

"An ce 'yar gidanki tana rubuta labari."

Na ce haka ne, Yaya, amma ba ya hana ta karatu.

"Ban ce ya hana ba. Muna ji ai."

Ashe akwai masu karanta irin waɗannan labarai da murya suna naɗa, ana turawa waya zuwa waya. Mai shagon unguwarsu yakan kunna bayan la'asar, dattawa a kan benci suna saurara. Yaya bai taɓa nuna ya san mai labarin ba, su ma ba wanda ya kalle shi, amma ba ya fashi.

Ya ce, "Mutumin nan da ke zaune a ƙofar makaranta. Yana ba ni tausayi."

Na ce, "Yaya, labari ne fa."

"Na san labari ne, ai ni ba yaro ba ne. Amma bawan Allahn nan bijiminsa ya sayar. Mutanen benci suna ta cewa wataƙila yarinyar ce ta yi abin kunya ta gudu. Na ce musu a'a." Ya gyara sandarsa. "Ki gaya mata ta mayar wa mutumin nan 'yarsa da mutuncinta. Kada a kunyata shi a gaban jama'a."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai ga mota ta tsaya, yaron mota na kiran Jahun, Dutse. Yaya ya ɗora min ƙullin wake ya juya.

Tun daga Aujara har Jahun, daga Jahun har muka fara hango duwatsun Dutse, maganar Yaya nake ta juyawa a raina. Na yi watanni ina kare yarinyar nan daga matan da ba ta taɓa gani ba, ga shi wanda zai karya ta ya fito daga cikin gida, kuma da tausayi ya zo, ba da faɗa ba. Wa zan yi wa masifa? Haɗiye saƙon kuma ba ya cikin abin da zan iya. Tsakanin uba da 'yarsa ni kaɗai ce hanya, ranar da na fara zaɓen abin da zai wuce, babu wanda zai ƙara yarda da ni a cikinsu.

Na same ta tana wanki. Na gaya mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta tsame hannunta daga kumfa. "Baffa yana saurara?" Haka take kiran mahaifinta. Fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ko ranar da ta samu gurbin karatu. "Kullum? Me ya ce kuma? Ya ce ya yi daɗi?"

Na ce abin da ya ce ke nan. Sannan na ce saura nawa ra'ayin, kuma wannan ba saƙo ba ne. Na ce ta rubuta ƙarshenta yadda ta tsara, zan je da kaina in yi masa bayani, in ya yi fushi ya yi da ni. Na ce ƙarshen nan ba kunyata uba ba ne, zai sa iyaye da yawa su tambayi 'ya'yansu abin da ke damunsu. Na yi ta magana kamar ina gaban aji.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Goggo, tun da nake a duniya bai taɓa roƙona komai ba."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa, wai ni ce mai fushi.

Ta rubuta ƙarshen cikin 'yan kwanaki. Wasu miyagu ne daga wajen makaranta suka sace yarinyar saboda ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Aka gano ta a wani kango, ba abin da ya same ta. Ta zana jarrabawa ta fi kowa, uban ya zo bikin yaye ɗalibai da babbar riga. An rubuta shi da kyau, ba zan yi ƙarya ba, domin hannunta ya riga ya faɗa. Amma ni da na san abin da aka binne a ƙarƙashinsa, da ƙyar na kai ƙarshen shafin.

Guruf ya rabu kamar kullum. Wasu suka yi ta addu'a, Allah ya ƙara basira, sun yi kukan daɗi. Wasu suka ce tun shafin farko suka san haka za a ƙare, an cinye musu data a banza. Masu soyayya har ranar suna tambayar saurayin Kano. Daga Aujara kuma saƙon Yaya ya zo ta bakin wani direba, cewa in gaya wa 'yar gidana an ji, madalla. Na gaya mata. Ta sa na maimaita.

Bayan nan da kaɗan aka yi suna a gidan wata abokiyar aikina, na tafi da 'yar yayana ta taya aiki. A cikin mata akwai wata malama da muke koyarwa tare, mace mai karatu, wadda ba ta yabon abin da bai kai ba. Ra'ayinta ya fi min na guruf gaba ɗaya. Da aka nuna mata marubuciyar sai ta kira ta, ta kama hannunta.

"'Yata, na karanta littafinki. Kina da alƙalami, wallahi kina da shi. Har tsakiya na ce mun samu marubuciya. Amma a ƙarshe kin ji tsoro. Kin kawo mu bakin wani abu mai nauyi, sai kika juya kika ba mu alawa. Ba laifinki ba ne, ƙuruciya ce, ba ki san rayuwa ba tukuna."

Amsar tana bakina, cikakkiya, tun daga farantin zogale har gefen gonar Yaya. Amma in na faɗa, na tona asirin yayana a tsakiyar matan Dutse, na mayar da tausayinsa abin hira a gidan suna. Na kalli yarinyar, ina fata ko ita za ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce.

Ta durƙusa, ta ce, "Haka ne, Anti. Na gode, zan gyara."

Ta tashi ta kwashe kwanukan da ke gabanmu ta nufi wurin wanke-wanke. Malamar ta juyo gare ni ta ce yarinyar tana da tarbiyya, ba ta musu. Na ce mata eh, ba ta musu.