Amshin Yana Nan, Mai Bayarwa Ce Babu

Shekara tara ke nan da muka rabu da Sa'ade, kuma bana ma, kamar kullum, yara sun cika wayoyi da guntayen fina-finanta suna rubuta "Allah ya jiƙan mai zaƙin murya." Amin nake cewa, sai dai raina ɓaci yake. Muryar da suke yabo ba tata ba ce.

Ni da Sa'ade 'yan wa da ƙanwa ne, a Yako muka tashi, tare kuma muka shiga wata 'yar ƙungiyar wasan daɓe tun kafin kowa a Kano ya san da ita. Bayan la'asar muke yi, a filin makaranta ko bakin kasuwa, a jera bencina a kafa lasifika, shi ke nan an yi dandali. A-kori-kura ke kwasarmu, yau Kiru, jibi Bebeji, ranar kasuwa Tudun Wada. Wasanninmu rabi magana ne rabi waƙa. Ita ke bayarwa, ni da wasu mata muna amshi, wato ta jefo baiti mu mayar mata da layi guda da ba ya canzawa.

Wasan da ya fi karɓuwa shi ne na matar da mijinta ya tafi ci-rani, damina ta faɗi bai dawo ba. Amshinmu shi ne, "Ruwa ya sauka, ina mai gona?" Abin da ke tsakanin amshi da amshi kuwa, Sa'ade ba ta taɓa maimaita shi ba. A take take ƙirƙira. Ta hango mai shayi yana hamma, sai ya shiga waƙa. A Doguwa ta taɓa saka wani dattijo mai sayar da dankali, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, can kuma ta karya murya sai ga shi yana share ido da bakin riga. Ba wanda ya ɗauke ta a kaset. Wa zai ɓata kaset a kan abin da za a sake yi mako mai zuwa? Haka duk muka ɗauka.

A Bebeji wani mai shirya fim ya gan ta, ya kai ta Kano. Ta yi suna, har almajiran gidan malamin unguwarmu sun san fuskarta a jikin fasta. Amma a fim ba jaruma ke waƙa ba. Wata ce ke rerawa a situdiyo, jaruma sai motsa baki. Sun ce muryar Sa'ade ta yi kauri, ta ƙauye ce. Da ta zo gida da sallah na yi mata tsiya, na ce ashe an kai ta birni koyon tauna. Ta yi dariya, sannan ta ce, "Fuskar suke so, Larai. Muryar sun ce in bar ta a gida." Ni na ɗauka wasa take yi. Ba ta ƙara hawa daɓe ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ina yawan tunanin me za ta ce da wannan zamani, da ko akuya ta yi atishawa sai an ɗauka an tura duniya. Na san za ta saka masu wayar a waƙa su ji a jikinsu. Amma ina jin daga baya za ta sassauta musu, don ita ma ta san da wayar nan ta riske mu a filin Kiru, da ban rubuta wannan ba.

Watan jiya 'yarta Fa'iza ta zo mini da jaririyarta, takwarar Sa'ade. Bayan gaisuwa ta kunna ɗaukar murya, ta ajiye waya a kan tabarma. Ta ce maganar mahaifiyarta tana jin ta a fim, amma ba ta taɓa jin waƙarta ba, kuma tana so ta riƙa yi wa yarinyar. "Inna, ki yi mini ko baiti ɗaya ne."

Na buɗe baki, babu. Ba tsufa ba ne. 'Yar amshi kunnenta na kan ƙarshen baiti ne, tana jiran inda za ta shigo, ba ta riƙe abin da aka faɗa. Makaɗinmu ya rasu, abokiyar amshina ɗaya da ta rage kuma na aika mata, ta ce ita ma abin da nake da shi take da shi. Na so in ƙirƙiro wani abu in ce na Sa'ade ne, harshena ya ƙi.

Sai na yi abin da na iya. Na rera, "Ruwa ya sauka, ina mai gona?" Na yi shiru daidai tsawon baitinta, don wannan kam jikina bai manta ba, sannan na sake. Fa'iza ba ta kashe wayar ba, hawaye kawai take yi.

Abin da ya rage na Sa'ade ke nan: fuska a fim da muryar wata, da kuma muryata ni tsohuwa a wayar 'yarta. Allah ya jiƙanta ya yi mata rahama. Fa'iza ta ce idan ta kunna wa yarinyar, ita kanta ba waƙata take saurare ba. Wurin da na yi shirun take jira.