Ranar da firigo ya mutu, ordinata ta yi shiru

Shekarun baya, saura ƙiris naman mutane ya ruɓe a hannuna a Adjamé.

Ina riƙe da ɗakin sanyi a Bromakoté, wanda muke ce wa firigo. Mahauta su kawo abin da suka yanka, in ajiye musu. Ban yi makaranta ba. Da irin ƙullin igiya nake gane naman kowa.

Shekarar ana yawan ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Abokina, mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, a unguwar 220 Logements, ya haɗa mini wata dabara. Ya ja waya daga cikin firigo zuwa wata tsohuwar ordinata. Da zafi ya hau a ɗakin, ita da kanta za ta buga wa wayata.

"Yaya, ba sai ka karanta komai ba," in ji shi. "Ka ji kiranta, ka rugo. Ba ta kira ba, lafiya lau ke nan."

Na daina leƙa ɗakin. Na koma zaman shayi kamar wani babban mutum.

Wata Juma'a na tafi suna Treichville. Kuran ya tafi ya dawo, injin firigo bai tashi ba. Ordinatar ta farfaɗo, amma ta tsaya jiran a danna mata maɓalli kafin ta kama aiki. Ba mai dannawa. Ni kuwa ina can ina cin shinkafa, in duba waya in ce alhamdu lillahi.

Maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Jula mai sayar da aceke, dambun rogo, ita ce ta kira ni.

"Maigida, jan ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarka. Mutum ka yanka a ciki?"

Ban wanke hannu ba na fito. Gadar da zan haye in koma Adjamé ta cushe. Ina cikin mota ina ganin fuskokin mahautan ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe ƙofa, na sa hanci kafin in sa ido. Naman ya yi gumi, amma bai juya ba. Kayan ciki ne kawai suka lalace. Na tara masu tura wotoro, amalanken dako, muka sayo ƙanƙara, muka kwashe komai zuwa firigon wani mai kifi.

Dattijon mahautan ya zo, ya shinshina cinyar sansa.

"Gobe namana zai yi ƙarnin kifi," ya ce. "Zan iya sayar da ƙarni. Jibi zan kawo maka wani."

Sai a lokacin na zauna a ƙasa.

Abokina ya zo yana ta ba da haƙuri. Ya gyara ordinatar yadda za ta tashi da kanta in kuran ya dawo, ya ƙara mata batir. Na ce bai isa ba.

"A gidanmu yaro yana zuwa gaisuwa kowace safiya. Ranar da bai zo ba, sai a je a buga masa ƙofa. Ka sa ta riƙa kirana safe da yamma, ko ba komai."

"Yaya, ordinata kake so ta gaishe ka?"

"Har ta rusuna in za ta iya."

Ya yi dariya, amma ya yi. Daga baya ta sha yin shiru, ni kuma in je in buga mata ƙofa. Nama bai sake gumi a hannuna ba. Abin da ya mutu ba ya iya kiranka ya ce ya mutu, wannan kaɗai na koya.

Yanzu ƙafa ta yi nauyi, na bar wa ƙanena firigon. Ina Adjamé Liberté, ina zaune. Mahautan suna aiko mini da hanta ranar Juma'a.