Gaisuwar da Ta Hana Baba Shiga Layi

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gidana a Jega Firchin, sai wata mota ta wuce ta bayan katanga da lasifika a kanta, ana waƙar wani mai neman kujerar majalisar wakilai. Ban ma ji sunan da ake kira ba, amma sai da gabana ya faɗi. Haka nake tun ina yarinya. Ku da kuka taso kuka tarar ana ɓuya a dangwala yatsa a fito ba wanda ya san abin da aka yi, da wuya ku gane. Mu mun ga zaɓen da ake kafa hoton ɗan takara a jikin sanda, duk mai son sa ya je ya tsaya a bayansa da rana tsaka, gari duka yana kallo. Irin wannan zaɓen ne ya kusa raba gidanmu biyu.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Jega zuwa Maiyama. A gandu muke, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Bappa, yayan mahaifina, shi ne mai gida tun rasuwar kakanmu, Baba kuma yana bin sa. Da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama, har warinta ba ya barin tufafinmu sai an yi ruwan farko. Bappa dogo ne, mai ƙaton murya, ga saurin hawa ga saurin sauka. Baba kuwa shiru-shiru ne, sai ka yini da shi bai yi magana goma ba, amma in ya kafe a kan abu, wallahi gara ka yi da jaki.

Kaka, mahaifiyarsu, ita ta riƙe mana tarihin wakilanmu, ko da yake ba ta taɓa riƙe sunan ko ɗaya ba. Na farkon da ta sani “mai takalmin igiya” take ce masa, don a ƙafarsa ta fara ganin takalmin da ake ɗaurewa. A zamaninsa mata ba su jefa ƙuri'a, ta kafar zana ta leƙa shi. Soja suka zo suka share su. Da aka dawo aka yi “mai rijiya”, wanda aka haƙa rijiyar bakin masallaci a lokacinsa, duk da Kaka ta ce mutanen gari ne suka haƙa, shi dai ya zo ya sha. Bayansa sai “wanda ya tafi Ikko ya yi ƙiba”. Soja suka sake zuwa. In ta gama lissafa su takan tafa hannu ta ce duk ba wanda ya taɓa shigowa zauren gidan nan ya tambayi lafiyarta, don haka kada wanda ya tayar mata da hankali a kansu.

Sai ga shi 'ya'yan cikinta ne suka tayar mata.

Shekarar ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, soja suka ce za a sake zaɓen 'yan majalisa, jam'iyya biyu, mutum biyu, kuma layi za a yi. Bappa yana da abokan huldar albasa a Aliero, mutanen da ya shekara da shekaru yana sauka a gidajensu. Suka zo har zaure da ɗan takararsu, aka ci tuwo, Bappa ya ba su hannu ya ce gidansa kaf nasu ne, daga shi har ƙaninsa. Bai tambayi Baba ba. Ina zai tambaye shi? A ganinsa mai gida ya yi magana, an gama.

Shi kuwa Baba ya riga ya ba wa ɗayan zuciyarsa. Akwai wani rafi tsakaninmu da babbar hanya da yakan yanke mu duk damina, ya taɓa cinye wa Baba jaki da kayansa, da ƙyar shi ma ya sha. Ɗan takarar nan ya zo ya tsaya a bakin rafin, ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan har gwiwa, ya ce in Allah ya ba shi zai yi kwalbati a nan. Shi ke nan Baba ya mutu a kansa. Da Bappa ya shigo yana shelar alkawarin da ya ɗauka, Baba ya ce a hankali, kansa a ƙasa, shi dai yana da nasa.

An kwana uku ana ja. Ran na huɗu bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci inda dattawa ke zama, wani ya tsokani Bappa, ya ce ashe gidan da ya sayar wa mutanen Aliero rabi ne nasa. Aka yi dariya. Bappa ya miƙe, ya rantse da Allah a gaban kowa cewa in ƙaninsa ya tsaya bayan wancan hoton, washegari zai ja danga ta tsakiyar gida, a raba gona, a raba rumbu, kowa ya ci gashin kansa.

Ina da shekara tara ko goma lokacin, amma na san abin da ake nufi da danga. Na ga an yi wa maƙwabtanmu. Ɗiyar Bappa sa'ata ce, tabarma ɗaya muke kwana a ɗakin Kaka, ƙwarya ɗaya muke sha. Muka zauna bayan rumbu muna auna gidan da ido: rijiya za ta faɗa ɓangarensu, bishiyar zogale namu, ɗakin Kaka kuwa daidai tsakiya yake. Wa zai samu Kaka? A nan muka tsaya, muka fashe da kuka mu biyu.

Kaka ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya durƙusa ya saurare ta har ta gama, ya ce ta yafe masa, amma shi ba akuya ba ne da za a ba da shi kyauta yana tsaye. Bappa ya ce magana ta riga ta fita. Liman ya zo ya nuna masa cewa rantsuwa irin wannan kaffara ce maganinta, ya yi ta ya huta. Bappa ya ce kaffara ta Allah ce, Allah kuwa mai gafara ne, amma mutanen gindin darbejiya fa? Da wane ido zai sake zama cikinsu? Daga ranar aka daina cin tuwo tare a zaure. Su fita gona tare, su yi noma kunya da kunya, ba mai ce wa wani sannu. Gero ya kai gwiwa, ya yi kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwa, amma gidan kamar an yi rasuwa. Inna, mahaifiyata, tana jego a lokacin, na sha shiga ɗaki in tarar jariri yana tsotso ita kuma hawaye na bin kumatunta.

Ranar zaɓe an yi yayyafi da asuba, rana ta fito da zafi. Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura, ta ce in tafi filin makarantar firamare, ba don ciniki ba, in sa ido a kan ubana in rugo in faɗa mata. Na tarar an kafa sanduna biyu, kowace da hotonta, tsakaninsu kamar taku ashirin. Malaman zaɓe suka ce kowa ya ja layinsa, za su bi su ƙirga kawuna, wanda ba ya tsaye cikin layi ba da shi ba. Bappa ne na uku a layin mutanen Aliero, ya sha mur, ya ƙi waiwaye. Can sai ga Baba ya ɓullo ta bayan azuzuwa da farar rigarsa ta Juma'a, ya nufi ɗaya layin kai tsaye. Kowa a filin ya bar kallon hotuna ya koma kallon sa.

Saura 'yan taku ya kai, sai wani tsoho da ke zaune kan buzu a gindin ƙatuwar tsamiya, daidai tsakanin layukan biyu, ya yi gyaran murya ya ɗaga malfarsa. Na kusa sakin ƙwarya. Kakana ne na wajen uwa, surukin Baba, wanda ke zaune can Giwa Tazo. Ba shi da ƙuri'a a garinmu, ba mu kuma ji labarin zuwansa ba.

To ku sani, a wurinmu a lokacin, mutum ba ya wuce surukinsa a tsaye. Ba ya kallon idonsa, ba ya kiran sunansa, in ya durƙusa gaisuwa kuma ba ya tashi sai an sallame shi. Baba ya yi turus. Ya tuɓe takalma, ya rage tsawo, ya isa gaban buzun ya zube a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar rigar tasa.

Tsohon nan ya fara. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Ya tambayi mai jego da jariri, ko cibiya ta faɗi, ko ana ba ta kunun kanwa yadda ya kamata. Ya tambayi Kaka da ciwon ƙafarta. Ya koma kan gero, na gonar tudu daban, na gonar gangare daban. Baba yana ta “lahiya lau, lahiya lau”, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, yana satar kallon malaman zaɓe da suka fara bin layi suna taɓa kafaɗu. Da suka kai rabi, Baba ya ɗan motsa kamar zai nemi izini. Tsoho ya ce, “Tsaya, ban ƙare ba. Tunkiyag ga da nab ba ɗiyata, ta haihu?” Daga tunkiya aka koma irin albasa, wanne ya fi jure ajiya, na Aliero ko na wajensu. Ya hango ni, ya yafito ni, ya ce ga matarsa ta zo ba ta ko gaishe shi ba, in dama masa fura. Na dama na miƙa masa. Ya sha a hankali, ludayi bayan ludayi, surukinsa na durƙushe a gabansa.

Sai da aka busa usur aka ce an gama ƙirga, sannan ya goge baki ya ce, “To, madalla. Tashi ka tahi wurin sha'aninka, kada in tsai da kai.”

Filin ya ɗauki dariya. Ni ban tsaya ba, na bar ƙwaryar a nan na zura da gudu. Na faɗa ɗakin Inna ina haki, na ce Baba bai tsaya ba, bai tsaya ko'ina ba. Inna ta rufe fuska da gefen zane. Kaka da ke bakin ƙofa ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce a hura wuta, yau tuwon shinkafa za a yi. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba, kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

Baba ya dawo gwiwoyinsa duk laka, ransa a ɓace, bai kula kowa ba. Bappa kuwa ya je gindin darbejiya ya zauna daram, ya ce shi ya rantse ne a kan tsayuwa, wa ya ga ƙaninsa a tsaye? Da magariba ya aika ni in kira Baba cin tuwo. Baba ya tashi ya tafi.

Wanda ya ci zaɓen, Kaka “mai gajeren kwana” ta sa masa, don bai daɗe a kujerar ba soja suka sake kora su gida. Tun daga nan mun ga wakilai iri-iri. An sake yanka ƙananan hukumomi, an haɗa wasu garuruwa a mazaɓa ɗaya an raba wasu, wannan ya hau ya sauka, wancan ya sauya jam'iyya ya dawo. Akwai na kirki a cikinsu, akwai waɗanda sai a takarda muka san fuskarsu. Kaka ba ta ga yawancinsu ba. Layi ma an daina shi, kuma ni kam ban yi kewarsa ba. Yau 'ya'yana biyu kowa da nasa gwanin, su yi ta musu a waya har su gaji, ranar zaɓe kowa ya shige ya yi abinsa, su dawo a babur ɗaya.

Na girma ina ɗauka cewa Inna ce ta aika wa mahaifinta. Sai da Bappa ya tsufa, idonsa ya tafi, na je duba shi wata rana, hira ta kawo mu kan zancen. Na ce ai Inna ta yi dabara. Ya yi dariya har da tari, ya ce ina Inna ta ga ɗan aike tana jego? Shi ne. Ranar kasuwar Jega ya bi tsohon har kara inda ake sayar da dabbobi, ya ja shi gefe, ya durƙusa masa a cikin kashin shanu. Ya ce, “Cewa niy yi mai, dattijo, na yi rantsuwar wauta, kuma ba ni iya rayuwa ba ƙanena. Ka zo ka riƙe min shi.” Ya kama hannuna ya ce kada in kuskura ubana ya ji.

Ban faɗa ba. Baba yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, kuma duk zaɓen da ya zo sai ya ba jikokinsa labarin yadda surukinsa, Allah ya jiƙansa, ya cinye masa ƙuri'a da surutu. Nakan yi dariya tare da su. Ranar da Bappa ya cika, kansa a cinyar Baba yake, Baba ne ya yi ta maimaita masa kalmar shahada, shi ya shafe masa ido.