Ranar da Baba Ya Ɗaga Hannu

Gonar mahaifina, hawasha a bakinmu, tana can ƙarshen tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyenmu a yankin Hajj Abdalla. Duk wanda gonarsa ke ƙarshe ya san ruwa ba ya isowa da kansa, sai an bi tsari. Tsarin namu yana rubuce a dastur, wato kundin dokokin lajna, kwamitinmu na manoma, 'yan shafuka da Larabci: wannan zagaye a fara ba na gaba, zagaye mai zuwa a fara ba na ƙarshe. Shugaban lajna ba ya wuce wa'adi biyu, kuma ba ya taɓa jerin ruwa sai taron manoma ya yarda.

A shekarar da na dawo daga jami'a, kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar, shugaban yana ƙarshen wa'adinsa na biyu. Ba zan ce mugun mutum ba ne. Shi ya sa aka yashe tur'a, shi ya gyara ƙofar ruwa da ta daɗe tana yoyo, kuma ina jin da gaske ya ɗauka babu mai iya aikin kamarsa. Sai ya kira taro a gyara abu biyu: a cire iyakar wa'adi, a kuma bar wa shugaba raba ruwa yadda ya ga ya dace. Dawar Baba a lokacin tana shirin fitar da kai. Idan ruwa ya makara mata kwana goma, shekarar ta tafi.

Dattawanmu ba sa shiga zaɓe. Kakanninmu sun zo kan hanyar hajji suka zauna, kuma sun koyi cewa duk inda ake rubuta suna, can ake tambayar takardar ɗan ƙasa. Ban da haka, abin kunya ne a wurinsu babba ya ɗaga hannu a kan wani a bainar jama'a. Suna da tasu hanyar ƙin abu. In dattijo ya ƙi zuwa ɗaurin aure ko rabon gado ko sulhu, magana ta mutu, ba sai ya ce uffan ba. Don haka bayan la'asar suka shirya a ƙofar masallaci cewa babu mai zuwa. Taron bai cika ba, aka watse. Baba ya dawo yana murmushi, ya ce ga shi an gama ba tare da an ɓata da kowa ba, sai in je in faɗa wa malamaina na jami'a.

Ni hankalina bai kwanta ba. Na aro dastur ɗin wurin sakataren lajna na karanta sau uku, domin ina tsoron in tayar da hankalin tsofaffi a kan kuskuren karatuna. Layin yana nan: idan taro na farko bai cika ba, a sake kira bayan mako guda, kuma waɗanda suka zo, komai ƙarancinsu, su ne ke yanke hukunci. Rashin zuwansu bai kashe komai ba, hanya ma ya share wa shugaban.

Da safe na sami Baba yana shan jabana, wato gahawa, a inuwar rumfa. Na karanta masa layin, na fara da cewa mai yiwuwa ne, a iya fahimtata, wataƙila akwai wata fassara. Ya ajiye finjalin.

"Ustaz, haka ne ko ba haka ba ne?"

"Haka ne, Baba."

Sai ya ce shi bai taɓa neman kujerar kowa ba. Na ce ba kujera za su nema ba, iyakar da suka gada za su je su tsare, in kuwa ba su je ba, wasu za su yanke musu suna zaune a gida da mutuncinsu.

Ranar taro na biyu suka shigo filin makaranta a jere, cikin fararen jalabiyoyi, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Shugaban ya tashi ya ba Baba kujera yana dariya.

"Ya Hajj, ashe kun shigo siyasa? Gobe sai mu ga hotonka a bango."

"Bangonka ya ishe ka, ɗana. Mun zo ne takardar nan ta zauna yadda take."

Da aka ce masu ƙin gyara su ɗaga hannu, Baba ya ɗaga nasa rabi-rabi, idonsa a ƙasa. Sauran suka bi. Gyaran ya faɗi.

Nan ne ƙanen mahaifina, da ya ga yawansu, ya ji daɗi ya miƙe. Ya ce tunda ga dattawa sun fito, a ba yayansa shugabancin ya riƙe har ƙarshen ransa, a huta da zaɓe da takardu. Aka fara amsawa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce Baffa ya yi haƙuri, abin da muka hana wancan yanzun nan ba za mu ba Baba ba, in yana so ya tsaya zaɓe kamar kowa, wa'adi biyu. Baffa ya tambayi jama'a ko karatu ne ke sa ɗa ya tare wa ubansa arziki. Baba ya ce in zauna. Na ce zan zauna, amma ban janye ba. Magana ta tsaya a nan, aka sa ranar zaɓe yadda dastur ya ce.

Har yau Baffa yana ba da labarin a matsayin ranar da na kunyata gida. Na sha juya abin a raina, kamar yadda nake juya komai, kuma wannan kaɗai ne ban sami inda zan ce wataƙila ba. Ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba.

Baba bai yi mini magana ba kwana biyu. A rana ta uku zagayen ruwan masu gonakin ƙarshe ya zo. Ya miƙo mini fartanya ba tare da ya dube ni ba, ya ce in je in buɗe bakin ruwa, dawa tana jira.