Ba Kai Ne Mai Abin Kunya Ba, Zacharie

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da la'asar, aradu ta faɗa wa Zacharie, direban babbar motar albasa, a unguwar Roumdé Adjia da ke Garwa. Ya hau saman kaya ne yana ja wa buhunan wata tsohuwa tamfol. Kafin magariba rai ya yi halinsa.

Zacharie, tun ba a sa ka a ƙasa ba aka fara raɗa, wai aradu ba ta faɗa wa kowa sai wanda ya rantse da ita a kan ƙarya. Maganar ta kai kunnen matarka Yvonne, har 'ya'yanka Nadine da Léandre sun daina fitowa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara ashirin da bakwai kana ɗaukar mini kaya. A 1999 mun kai albasa wajen Limbe, Dutsen Kamaru ya kama aman wuta. Toka na zuba a gilashi, ƙasa na rawa, walƙiya na tsaga baƙin hayaƙin, babu ɗigon ruwa ko ɗaya. Ni kuwa da safiyar ranar na rantse wa wata mai saye da aradu cewa babu ruɓaɓɓiya a gindin buhuna. Akwai. Sai na durƙusa bakin titi ina tona wa kaina asiri. Ka ciccibe ni ka jefa cikin mota, ka ce da ni ubangidanka, "Patiron, dutse bai san albasa ba. Ja ƙofa." Ba ka taɓa ba kowa labarin nan ba.

Ni na yi ƙaryar, ga ni ina yawona. Kai ko a gaban jandarma ban taɓa jin ka rantse ba.

Ga abin da masu raɗa ba sa faɗa: da numfashinka ka faɗo. Aka kewaye ka, aka ce kada kowa ya taɓa sai an zuba maka nonon shanu, don kada aradun ta kama mai taɓawar. Aka tura mai babur nemo nono. Ina cikin masu tsayuwar nan, Zacharie. Ina ganin yatsunka suna motsi, ban matso ba. A asibiti likita ya tambayi abin da ya tsayar da mu, ba wanda ya ɗaga kai.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sanyaya makwancinka. Yvonne, Nadine, Léandre, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku fito kasuwa ba tare da sunkuyar da kai ba, mu ne masu abin kunya. In za ku iya, ku yafe mini.

Aristide,
Layin 'yan albasa, Garwa