Ƙullin da ke Bakin Mayafin Inna

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma yau zan rantse. Wallahi tallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma ba labari ne da zai sa ku ga kirkina ba. A Doha ne, shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin ina tuƙa wa wani Balarabe mota. Shi ne kafil ɗina, wato shi ya ɗauko ni, fasfona yana hannunsa, ko ƙofar filin jirgi ban isa in taka ba sai ya sa hannu a takardar fita.

Mutumin yana da gona a Umm Salal, kuma mu biyu ne Hausawa a ƙarƙashinsa, ni da Malam Haladu, mutumin Haɗeja, mai gadin gonar da kiwon tumakinta. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa, shi kuma Direba yake kirana. Tare muke zaune a karaban, ɗakin ƙarfe ne mai tayoyi da ake jan sa da mota, gado biyu ne a ciki da ɗan kanta a jikin bango, in ka miƙa hannu daga gadonka sai ka taɓa ɗan'uwanka. Dokar kafil ɗaya ce: mu biyu ba ma tafiya gida lokaci guda, in ɗaya ya tafi ɗaya zai zauna, kuma wanda ya zauna sai wata shekarar. A wannan shekarar layina ne. Shekara uku ban ga gida ba, 'yata da aka haifa bayan tahowata har ta fara surutu, ni kuwa a hoto kawai na san ta. Kafil ya ce da sanyi ya wuce zai sa min hannu, khalas, wato magana ta ƙare.

Yaya Haladu mutum ne mai shiru, amma in aka tabo zancen mahaifiyarsa sai bakinsa ya buɗe. Inna yake ce mata, hotonta yana cikin jakar Alƙur'aninsa, wata 'yar siririyar tsohuwa da zube a kumatu. Ya sha ba ni labarin wata al'adarta yana dariya, wai in ta aike ka da saƙo sai ta ƙulla bakin mayafinta, kuma ba ta kwance ƙullin sai ka dawo ka ce mata ka isar. Ya ce tun suna yara in suka hango ƙulli a mayafin Inna sai kowa ya fara tunanin wa aka aika bai je ba. Ku riƙe wannan, don Allah.

Shi ba ya da waya, tawa ta aiki ita ce lambar da gidansu suke da ita. Wata ranar Laraba ina zaune a mota a ƙasan wani dogon bene a West Bay ina jiran kafil, sai ga kiran ƙanensa Sabo. Ya ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ta kiran sunan kowa sai na Yaya, ta ce a faɗa masa ya zo ta gan shi. Na ce in sha Allahu yau ɗin nan zan faɗa masa. Wallahi lokacin da na faɗa da gaske nake. Amma daga West Bay zuwa Umm Salal akwai tafiya, kuma Shaiɗan bai rasa wurin zama a motar ba. In na faɗa, Yaya zai je ya durƙusa wa kafil, kafil zai iya barinsa, ni kuma tafiyata ta tashi sai baɗi. Na ce a raina ciwon tsufa ne, yau a kwanta gobe a tashi, bari in bari zuwa gobe. Goben nan ita ta zama kwana goma sha biyu.

Rana ta goma sha uku Sabo ya sake kira, ya ce Inna ta rasu, har an kai ta. Ya tambaye ni me Yaya ya ce da ya ji saƙon, ni kuma, Allah ya yafe min, na ce kafil ne ya hana shi. Sai Sabo ya ce to manya sun yanke shawara kada a faɗa masa rasuwar sai ya dawo, tunda yana da hawan jini kuma ba abin da zai iya yi daga can. Kun san halinmu, haka muke yi wa matafiyi, muna ganin tausayi ne. Ni kuwa da na ji haka, astagfirullah, sanyi na ji a raina. An ba ɓarawo ajiyar abin da ya sata.

Bayan kamar mako guda sanyi ya shigo sosai, lokacin da Larabawa ke fita jeji su kafa tantuna su yi wata da watanni. Aka ɗaura karaban ɗinmu a bayan mota aka kai mu can gaba da gonar, inda ba komai sai yashi da duwatsu. Kafil ya sa an kafa wa tantinsa ƙaton talabijin sabo fil, sannan ya dube mu ya ce yalla, mu ma mu je Najma mu samo ɗan ƙarami na gwanjo don kada kaɗaici ya kashe mu. Wannan ce kyauta ɗaya tak da na taɓa ganin ya yi mana, kuma da na san abin da za ta jawo da na ce ya bar abinsa.

Wanda ya san kasuwar gwanjon Najma ya san yadda take, kujeru a kan firji, firji a kan katifa, talabijin jibge har rufi. Zaɓar wa karaban talabijin kuwa ba kamar na gida ba ne. Dole ya zama ƙarami ya shiga kan kantar nan, mara nauyi don kada ya faɗo in ana jan ɗakin, kuma ya iya aiki da batirin mota, don da rana ana kashe janareta sai yamma. Ni na riga na ga nawa, wani mai haɗe da bidiyo, ina ta lissafin kaset ɗin finafinan Hausa da zan aro wurin 'yan'uwa a Najma. Ina cikin ciniki da mai shagon sai na waiga na ga Yaya Haladu ya tsuguna can lungu gaban wani ɗan baƙin talabijin mai ƙullutun baya, ba rimot, eriyarsa ɗaya ta karye, ya ɗora tafin hannunsa a kansa.

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai ko a Haɗeja an daina yayinsa."

Ya ce, "Shi za mu ɗauka, Direba."

Na kawo masa hujja iri-iri, hoton wancan ya fi, wancan yana da bidiyo, wannan sai an tashi an murɗa. Mutumin da ko abinci bai taɓa yi min musu a kai ba, ranar ya kafe. Ya ce shi dai ransa ya kwanta da wannan. Ni kuwa da abin da nake ɓoyewa a cikina ba ni da bakin ja da shi, na ce to Yaya, yadda ka ce.

Muka kawo shi, muka ɗaure shi a kan kanta da igiya, ya kama tasha biyu da ƙyar. Kwana biyu lafiya lau. Rana ta uku bayan azahar, rana tsaka fa, ƙofa a buɗe, haske ko'ina, Yaya yana zaune bakin gadonsa yana ɗinke takalmi, ni ina kishingiɗe a nawa, talabijin a kashe. Kun san gilashin irin na da, in yana kashe yakan nuna ɗaki kamar madubi mai duhu. Na ɗaga ido haka kawai, na ga kaina a ciki, na ga Yaya da takalminsa, sai kuma na ga mutum na uku. Tsohuwa ce zaune a ƙarshen gadona, daidai ƙafafuna, da mayafi a kanta.

Innalillahi! Na zabura na dubi ƙarshen gadon, ba kowa sai bargona. Na sake duban gilashin, tana nan. Ga zuben a kumatunta, ita ce ta cikin hoton, ko a gaban alƙali zan maimaita. Kuma abin da ya fi tsinka min zuciya, ɗanta yana zaune kamu biyu da ita amma ba shi take kallo ba, ni take kallo. Ba harara, ba fushi, kallo kawai. Sai ta sa hannu a hankali ta ɗago bakin mayafinta ta nuna min. Akwai ƙulli.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba takalmi ba. Yaya ya leƙo yana tambaya ko kunama ce, na ce cikina ne ya murɗa.

Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. In talabijin yana kunne ba a ganin komai, don haka na koma kunna shi tun safe, ni da na fi kowa faɗan a tattala batir, ina zaune ina kallon tseren raƙuma kamar akwai raƙumina a ciki. Yaya har tsokanata yake, wai wa ya ce ko a Haɗeja an daina yayinsa? Batir na mutuwa, gilashi na yin duhu, tana nan a wurinta da ƙullinta. Na rufe shi da tawul, Yaya ya cire ya ce zai yi zafi. Na juya shi ya kalli bango, ya mayar. Na karanta duk abin da na sani, na yi tofi a kusurwa huɗu na ɗakin, amma ni kaina na san ba aljani ba ne balle in kore shi, saƙo ne a wuyana. Abinci ya daina shiga, har na kusa hawa kan wata mota a shataletale da kafil a baya, ya zazzage ni tas.

Kwana tara na yi a haka. Ranar Juma'a mun dawo daga masallaci, muka shiga karaban, na gan ta a gilashin tun kafin in zauna. Na durƙusa gaban Yaya na faɗa masa komai, kiran farko, kwana goma sha biyun, ƙaryar da na yi wa Sabo, rasuwar, har da dalilina, ban rage ko ɗaya ba. Na ce masa ga ta nan ma a cikin talabijin, na san kai ma kana ganinta, shi ya sa ka zaɓe shi.

Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ya mare ni ma da na ji daɗi. Ya yi salati a hankali, ya tashi ya je gaban talabijin ɗin ya tsuguna, ya kafa fuskarsa a gilashin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya sake dubawa ta wannan gefe da wancan. Ni ina ganinta a bayansa ƙarara. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, ba tare da ya waigo ba, shi bai taɓa ganin komai a ciki ba. Ya ce a shagon, da ya ɗora hannu a kan talabijin ɗin, ƙamshin ɗakin Inna ya ji, hayaƙin kara da man shanu, shi ke nan dalilinsa.

"Shekara biyu ina roƙon Allah ya nuna min ita ko a mafarki," in ji shi. "Ta kira ni ka tare. Yanzu ta zo da kanta har ɗakina, nan ma kai ka samu. Direba, me na yi maka?"

Na juya ga gilashin ina kuka, na ce Inna na isar, ga shi na faɗa masa. Ta dube ni, ta sauke bakin mayafin a cinyarta, amma ba ta kwance ƙullin ba. To me za ta kwance? Saƙon cewa ya yi ya zo ta gan shi.

Washegari na je wurin kafil na ce na bar wa Yaya layina. Ya daga kafaɗa ya ce wadda ta mutu ta mutu, yanzu lokacin aiki ne, ba mai tafiya sai sanyi ya wuce. Haka muka ƙarasa wata biyu a ɗakin nan da in ka miƙa hannu za ka taɓa ɗan'uwanka, bai ƙara ce min Direba ba, sallama kawai da amsawa. Kullum bayan azahar sai ya zauna gaban talabijin a kashe yana kallon gilashi, ni kuma in fita in zauna a rana. Da sanyi ya wuce ya tafi, bai dawo ba, kuma bai ɗauki talabijin ɗin ba. Ni na ƙara shekara guda kafin in ga 'yata, wadda saboda ita na yi abin da na yi, kuma da na isa ɓuya ta yi a bayan uwarta tana tambaya wane ne wannan.

Na je Haɗeja sau biyu neman yafiya. Na farko aka ce ba ya nan, na biyu aka nuna min kabarinsa. Talabijin ɗin kuwa a jejin na bar shi, na haƙa rami na binne. Ban san mene ne a cikinsa ba, ban san ta inda ya bi ya zo Najma ba, malaman da na tambaya kowa da abin da ya ce. Abin da na sani shi ne yau shekara kusan ashirin, a gidana ba a barin talabijin a kashe ba a rufe shi da zane ba, yarana suna ɗauka tsabta ce ta dame ni. Sau ɗaya aka manta, bara, da rana tsaka, na shigo falo na ɗaga ido. Ba zan ce muku komai ba sai dai ƙullin yana nan.

Don haka 'yan'uwa, musamman ku da ke ƙasar wasu, in aka ba ku saƙon mara lafiya ko na rasuwa, ku isar da shi kafin ku sha ruwa. Kada ku ce gobe, kada ku ce tausayi, kada ku auna shi da taku buƙatar. Mai saƙon ba lallai ya jira ku ba, kuma wani ƙullin in lokacinsa ya wuce ba hannun da zai kwance shi.